Babi na Bakwai: Idan Bindiga Ta Ƙi Tashi

Kuta ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja. Wanda ya san garin shekaru ashirin da suka wuce, da doya ya san shi, da hanyar Gwada da motocin da ke lodi zuwa Minna. Ƙasar Gwarawa ce mai duwatsu da dazuzzuka, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 5,000, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum sama da 235,000. Kogin Kaduna ya ratsa ta, a kansa aka gina madatsar Shiroro mai ba da megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990. A 'yan shekarun nan wani labari ya danne na doya da na lantarki. Mutanen ƙetaren kogi, na Allawa da Bassa da Kurebe da ƙauyukan da ke kewaye da su, sun yi ta tsallakowa da tabarmi da tukwane a ka, har azuzuwan firamare a Kuta da Gwada suka koma makwancin 'yan gudun hijira. A watan Afrilun 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. A Yunin 2022 aka kai hari wurin haƙar ma'adinai a Ajata Aboki, aka kashe jami'an tsaro, aka tafi da 'yan China. A Afrilun 2024 sojoji suka janye daga Allawa, mutanen garin suka bi bayansu.

Inda soja ya janye, ɗan sanda kuma bai iso ba, wanda ke tsaye a bakin gari ɗan banga ne ko maharbi, manomi da rana, mai gadi da dare. Kaɗan daga cikinsu suna da bindigar bature mai cin harsashin farauta. Mafi yawa bindigar toka ce a kafaɗarsu, harba-ka-ruga, wadda ta fito daga maƙerar da ake ƙera fartanya da gatari da lauje. Masu zuwa musu kuwa da AK-47 suke zuwa, mai ɗaukar harsashi 30 a ɗuri guda. An sha magana a kan wannan rata, ba sai na maimaita ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wannan harbi ɗaya tak da ɗan banga ya jingina ransa a kai, in ya ja kunama ya ƙi fita fa? In kuma Allah ya yi masa gyaɗar dogo gari ya waye yana raye, wa zai kai wa ƙorafi?

Ta baki ake ɗura bindigar toka, a danna da sanda. Wutar da za ta kunna albarushin daga waje take shiga, ta wata 'yar kafa tsukakka, ko daga tartsatsin ƙanƙara irin na da, ko daga ɗan abin fashewa da kunama ke sara. Kowane mataki a nan wurin tuntuɓe ne, amma babban abokin gaba shi ne laima. Albarushin gargajiya yana jan danshi daga iska. A ƙasar Minna damina kan faro tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan Agusta da Satumba kuwa kwana yake yi yana zuba. Ɗan banga ya ɗura bindigarsa da magariba, ya ratsa ciyawa mai raɓa har asuba, ya dawo ya jingine ta a bangon ɗakin ƙasa. Tunda ba a yi harbi ba, ba zai zubar da albarushin da ya saya da kuɗin aljihunsa ba. Haka za ta yi mako a ɗure. Ranar da aka neme ta, abin da ke cikinta ya dunƙule. Damina kuwa ita ce lokacin da dawa da masara suka yi tsayi, daji ya rufe, mutane suna gona nesa da gida. Watannin da aka fi bukatar bindigar su ne watannin da ba ta da tabbas.

Ko an yi harbin ma ba a huta ba. Tokar da albarushi ke bari a cikin bututu tana jan ruwa, tana cin ƙarfe daga ciki. Za ka ga bindiga an goge ta da mai tana sheƙi, an naɗe gindinta da jar fata, ga layu reto-reto, amma tsatsa ta rarake cikinta, ba mai gani. 'Yar kafar wutar ta toshe. Ƙarfen da ke ba kunama ƙarfin sara kuma, in ba a ba shi wuta da ruwa daidai ba tun a maƙera, ko ya yi laushi ya daina bugu, ko ya yi gautsi ya karye.

Ƙin tashi ɗungurungum shi ne mai sauƙi. Wanda ya fi shi sharri shi ne jinkiri. A ja kunama, a ji ƙas, sai shiru. Wutar ta kama, tana dai ci a hankali cikin jiƙaƙƙen albarushi. Mai bindiga ya sauke ta daga kafaɗa, ya juya wajen abokinsa yana cewa ta ƙi, ko ya leƙa bakinta, a nan take tashi. Inda ake koyar da harbin irin wannan bindiga, ƙa'idar ita ce: in ta ƙi, a bar bakinta yana kallon inda ba kowa, a jira aƙalla minti guda kafin a taɓa komai. Faɗar haka a zaure ba wuya. Yin sa da tsakar dare, ana jin ƙarar babura tana matsowa, wani abu ne daban.

Tsoro kuma yana sa mutum ya ƙara ɗuri a kan ɗuri, kada kuwa a ce ƙauyanci ne. Bayan gwabzawar Gettysburg a yaƙin basasar Amurka a 1863, an tattara bindigogi sama da 27,000 daga fagen fama. Kimanin 24,000 a ɗure aka same su, wajen rabinsu da ɗuri fiye da ɗaya, har da wadda aka cusa wa 23. Sojoji ke nan da aka horar a fareti. Cikin hayaƙi da ihu mutum bai san tasa ba ta tashi ba, sai ya sake zubawa.

Daga nan sai fashewa. Bututun da ba don bindiga aka yi shi ba, na ruwa ne ko wani tsohon ƙarfe daga 'yan gwangwan, yana iya jure harbi hamsin ya tsage a na gaba, domin ba wanda ya taɓa auna iyakarsa. Ɗuri biyu yana fasa shi. Lakar da ta toshe baki lokacin da mutum ya zame a fadama tana fasa shi. Haka wanda ya gaji da albarushin da ba ya tashi, ya kwance harsashin bature ya juye garin cikinsa: ƙarfin wannan gari ya zarce na gargajiya nesa ba kusa ba, ba bututun maƙera aka yi shi dominsa ba. Hannun hagu ne ke tallafe da bututu, kunci kuma yana kwance a kan gindi. In ka ga tsohon maharbi da guntayen yatsu ko tabon ƙuna a fuska, ba lallai ne naman daji ya yi masa ba.

Komawa maƙera

Wanda bindigarsa ta ba shi kunya, in ya san wanda ya ƙera ta, sai ya naɗe ta a buhu ya nufi maƙera, da sassafe ko bayan isha'i. Zancen kusan iri ɗaya ne ko'ina. "Sannu da aiki, Baba. Ga 'yar taka na dawo da ita, ta ƙi ni a inda bai kamata ba." Tsoho zai ajiye masaba, ya karɓa, ya jujjuya ta, kafin ya ce uffan a kan aikinsa sai ya jero nasa tambayoyin. "A ina kake ajiye ta, yaro? Albarushin wa ka zuba? Wa ya taɓa ta bayan ta bar hannuna?"

Mai bindiga yakan ji kamar zille masa ake yi, ni kuwa ina ganin tambayoyin nan daidai suke. Duk mai gyaran da ya san aikinsa, a Kuta yake ko a Jamus, daga nan yake farawa: a cire laifin ajiya, a cire na albarushi, a cire na katsalandan, abin da ya saura shi ne laifin ƙira. Sai dai a maƙerar ƙauye ba a taɓa isa ga wannan na ƙarshen. Albarushin ba shi da suna, kowane ƙulli da ƙarfinsa, wanda ya sayar da shi ranar kasuwa kuma ya wuce. Ma'aunin ɗuri tafin hannu ne. Bindigar kanta ba ta da 'yar'uwar da za a gwada su tare, domin kowace guda ita kaɗai ce irinta, ba za ka cire kunamar wannan ka sa wa waccan ta zauna ba. To da me za a kama maƙeri? In ya ga dama ya ce da kai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, magana ta ƙare.

Akwai kuma wani bayani da ke raba gardama ba tare da kowa ya ji ciwo ba. A ce ai wanda aka auna ɗin yana da maganin bindiga, ko an ɗaure mata baki. Ba zan yi musu da kowa a kan abin da ya gada ba. Abin da na lura kawai, wannan bayani ya yi wa kowa daɗi: maƙeri ya fita, mai albarushi ya fita, wanda bai wanke bindigarsa ba shi ma ya fita. Kafar wuta kuwa tana nan a toshe, da ita za a sake fita gobe.

A da dai akwai lamuni, ko da ba a rubuce ba. Ƙira sana'ar gado ce. A Kano da Katsina da Zariya akwai Sarkin Maƙera. A Bida maƙera ƙungiya ce mai shugabanni da unguwanni, kamar yadda S. F. Nadel ya bayyana a littafinsa na 1942 a kan ƙasar Nupe. A ƙauye kuwa maƙeri maƙwabcinka ne, matarsa da taka rijiya ɗaya suke ɗiba. In bindigarsa ta cire wa wani yatsu, a masallaci ko a coci ko wajen jana'iza za su haɗu, kuma da wuya a sake kawo masa ko gyaran fartanya. Kunya da suna su ne garantin. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ma bai bar wannan a sake ba. Wanda ya sayi kaya ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da zaɓin mayarwa, mai sana'ar da aka damƙa wa kaya ya keɓe da su kuma lamuninsu na wuyansa, kamar yadda duk ɗalibin Risala ya sani. A ɓangaren boko, dokar tarayya ta kare masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kayan da ke da lahani ko haɗari.

Amma gwada ɗaukar fasasshiyar bindiga ka nufi kotu a Minna. Tambayar farko, ina lasisinka? Ta biyu, wa ya ƙera? Mai ƙara ne zai fara kwana a caji ofis, ya kuma ja wa maƙerin da garinsu ya dogara da shi. Shi ya sa ba mai zuwa. Rikicin shekarun nan kuma ya tsinke ɗan zaren da ya rage. Maƙerin da kansa yana sansanin gudun hijira. Bukata ta yi yawa, kuɗi ya shigo sana'ar, wanda bai gaji masaba ba, mai walda ne ko bakanike, ya tsoma hannu. Bindiga takan bi hannu uku kafin ta iso ga wanda zai rataya ta, kuma da gangan ake ƙin sa mata alama don kada a bi sawu. Wanda ya ƙera bai san wanda zai harba ba, ba kuma zai taɓa ganin abin da ya sami hannunsa ba.

Tambarin Birmingham

Ba yau aka fara ba mu bindigar da ba mai tsaya mata ba. Masanin tarihi Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807, zamanin cinikin bayi, bindigogi 283,000 zuwa 394,000 ke shigowa Afirka ta Yamma duk shekara. Da yawa daga Birmingham ta Ingila suke fitowa, an ƙera su da araha musamman don kasuwar baƙar fata, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannu. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels: a hana shigo da bindigogin zamani mafi yawan Afirka, a bar mana masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Da Turawan Ingila suka zo Bida da Kontagora a 1901, Kano da Sakkwato a 1903, bindiga mai ruwa ta Maxim suka zo da ita. Maƙeranmu a kan waɗancan tsofaffin bindigogi suka koyi gyara, daga gyara suka koma kwaikwayo. Ba ƙananan gwanaye ba ne kuwa. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, har igwa ake zubawa a cikin birni, ana haɗa albarushi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda su mutanen Birmingham suka yi da nasu mugun sunan. Yawancinsu ƙananan masu sana'a ne a lunguna, wannan ya yi bututu, wancan ya yi kunama, wani ya sassaƙa gindi. Su da kansu suka nemi majalisar Ingila ta kafa musu gidan gwajin bindiga, aka kafa a 1813, da kuɗinsu. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Kowane bututu sai an kai shi can, a ɗura masa abin da ya fi ƙarfin ɗurin yau da kullum, a tayar da shi a rufaffen ɗaki ba kowa a kusa, sannan a duba. Wanda ya tsage ya tsage a kan bango, ba a kan yatsun mutum ba. Wanda ya jure a buga masa tambari a jikin ƙarfe. Gidan yana nan yana aiki har yau, kuma sayar da bindigar da ba ta da tambarin gwaji laifi ne a Birtaniya. Landan da Liège ta Beljiyam sun riga Birmingham tun ƙarni na 17. Tun 1914 akwai hukumar ƙasa da ƙasa a kan wannan, ƙasashe 14 ne yanzu ke karɓar tambarin juna.

A Amurka akwai masu biyan dubban daloli don a haɗa musu ƙaramar bindiga da hannu, galibi samfurin John Browning da sojojinsu suka ɗauka a 1911. Kada ka zaci tsada ta raba su da matsala. Don a sami saiti, ana matse sassanta sosai, sai ɗan datti ko bambancin harsashi ya sa ta sarƙe: kwanson da aka harba ya maƙale, ko sabon harsashi ya ƙi shiga. Mai ita yakan sauya abu ɗaya-ɗaya, yau gidan harsashi, gobe irin harsashin, jibi wanki da mai, yana rubuta sau nawa ta sarƙe cikin harbi nawa. In ta ci gaba, ya kira masu ƙirar, ya karanta musu lambar da dokar ƙasarsu ta 1968 ta wajabta a buga a jikin kowace bindiga, ya aika musu da ita. Gardamar da za a yi irin ta maƙerar ƙauye ce sak. Su ce ƙara harba ɗaruruwa tukuna ta saba, ko harsashinka ne mara kyau. Shi ya ce ban biya wannan kuɗi don in yi ta lallashi ba. Amma shi yana da lamba, yana da rasit, ya san ƙofar da zai buga, bayanta kuma akwai kotu. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Janairun 2017 sojojin Amurka suka zaɓi bindigar P320 ta kamfanin SIG Sauer. A Agustan shekarar, bayan an nuna cewa irin wadda ake sayar wa farar hula tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya sanar da gyara kyauta ga duk mai ita. Aibin guda ɗaya ya tona na dubbai, saboda duka ƙira ɗaya ce, kuma akwai wanda za a riƙe.

Ƙaramar bindiga ƙirar gida, irin wadda 'yan sanda ke bajewa a tebur gaban 'yan jarida, zancenta gajere ne a wurina. Ba manomin da ke tsare gona da ita. Don a soke ta a ƙugu aka yi ta, aikinta fashi da bangar siyasa. Ita ce kuma mafi rashin amana a cikinsu: ƙarfenta siriri, harsashin zamani take ci wanda ya fi ƙarfinta, ba ta da makulli, tana iya tashi a cikin wando. Doka ta sa ta a sahun haramtattun makamai tare da bindigogin yaƙi, lasisinta a hannun shugaban ƙasa yake, wanda aka kama da ita ba izini shekara 10 ke jiransa. Mai irin wannan ba shi da maƙerin da zai koma wa, ban kuma nema masa ba.

Ƙofar da doka ta bari

Bindigar toka hukuncinta daban. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta girmi 'yancin kan Nijeriya kuma har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattun da muka ambata. Na biyu irin na farauta, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, waɗanda aka bar sha'aninsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha da amincewar gwamna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, dokar ta ba Sufeto Janar ikon bai wa mutum izinin ƙera wannan kashi na uku da gyara shi, in gwamna ya yarda, ta kuma ce a ajiye rajistar waɗanda aka bai wa. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ita ma ta ce kowace ƙasa ta ƙidaya masu ƙira na cikin gida, ta yi musu rajista, a riƙa sa wa makamai alama. A aikace, maƙeran ƙauye galibi ba su da wannan takarda, ba a kuma nuna musu hanyar samunta ba. Hanyar da suka sani ita ce ta kamu.

Hukuma kuwa baki biyu take magana da shi. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce a nemi lasisin bindiga. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da ba da lasisi. Ana yaba wa 'yan banga a taro, ana raba musu babura, ana zuwa ta'aziyyarsu, amma abin da ke kafaɗarsu ba mai son ya ambaci daga ina ya fito. Rashin takardar da kowa ya yarda da ita kansa haɗari ne. A Maris ɗin 2025 aka tare mafarauta 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo suna hanyar gida hutun Sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16. Takarda ba ta hana wanda ya yi niyyar mugunta, amma ƙasar da ta bar kayan sana'ar maharbi ba rajista, ba lamba, ta ba kowane ɗan tare-hanya damar yanke nasa hukuncin.

Na san abin da za a ce. A cikin wannan wuta za ka ce a ba maƙera takardar ƙera bindiga? Ba tambayar banza ba ce. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogi sama da miliyan 6 ne a hannun farar hula a Nijeriya. Mun kuma ga abin da wasu 'yan sa-kai suka aikata a Zamfara, yadda kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a ya ƙara wa rikicin fetur. Sai dai hanin bai hana ƙirar ba, ya dai kore ta zuwa inda ba a gani. Zaɓin da ke gabanmu tsakanin bindiga mai lamba ne da mara lamba. Mai lamba, in ta fashe an san wanda ya ƙera, in an yi zalunci da ita an san wanda ya riƙe. Maƙerin da sunansa ke rajista yana da abin da zai yi asara in ya ƙera fistol ko ya yi wa ɓarayin daji gyara, wanda ke ɓoye kuwa duk ɗaya ne a wurinsa, ɗaurin da ke kansa yana kansa. Ban ce tambari zai mayar da harba-ka-ruga sa'ar AK-47 ba. Tsare Allawa da Kurebe aikin soja ne da 'yan sanda, kuma ranar da suka yi shi yawancin bindigogin nan za su koma farautar gafiya da hawan Sallah. Kafin ranar, ba daidai ba ne mutum ya fita gadin garinsu da abin da ba a taɓa gwadawa ba sai a kan yatsunsa.

Kayan aikin ba nisa suke ba. Masana'antar makamai ta DICON tana Kakuri a Kaduna tun 1964, gwajin bututu ba zai gagare ta ba. Cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ofishinta na shiyyar Arewa ta Tsakiya a Minna yake. Hakimai da dagatai na masarautar Minna sun san kowane maƙeri na gado da sunan kakansa, sun kuma san wanda ya shigo jiya. Shugabannin 'yan banga da na mafarauta, su nasu ba ya jiran kowa: kada a bar bindiga ta kwana bakwai a ɗure da damina, kada a zuba mata garin harsashin bature, wadda ta fara tsagewa a karɓe ta daga hannun mai ita ko da zai yi fushi.

Sauran yana hannun gwamnatin Neja da rundunar 'yan sanda. A ƙidaya maƙeran Shiroro da Munya da Rafi, a ba na kirki izinin bindigar toka kaɗai, a gwada abin da suka ƙera, a buga lamba. Ba sai an kai sabuwar doka majalisa ba. Ta 1959 ta tanadi izinin da rajistar, sa hannun mutum biyu take bukata, Sufeto Janar da gwamna.